Yadda Na Yi wa Malama Koriyar Fuska

Ranar Litinin ɗin da Yaya ta share min ɗakin fenti, ranar ce komai ya lalace. Ba gobara aka yi ba, ba ɓarayi ne suka shigo ba. Tsintsiya ce, da bokiti, da kyakkyawar niyya. A cikin ukun nan, ta ƙarshen ce ta fi yi min ɓarna.

Bari in gabatar da kaina, tunda masu bin wannan shafi sun fi sabawa da 'yan mata masu kuka a kan filo. Ni namiji ne, shekarata sittin da uku, gwiwata ta hagu sai ta yi ƙara kafin in tashi. Mai zane ne ni. A unguwarmu Sarkin Launi ake ce min. Wannan suna shi ne abin dariya mafi tsawon rai da aka taɓa yi a layinmu, kuma mu biyu ne kawai muka san abin dariya ne. Ɗayar ta rasu wata goma sha huɗu da suka wuce.

Ba na bambance ja da kore. To, na faɗa. Shuɗi ina gani, rawaya ina gani, fari da baƙi ba mu da rigima. Amma ja da kore da ruwan ƙasa da duk danginsu, a idona uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kamar ruwan da aka wanke tukunya da shi. Na karanta littafi uku na likitoci a kan abin. Kowanne ya ɗauki shafi ɗari kafin ya ce min in yi haƙuri.

Hannu kam ina da shi. In na zana mutum, uwarsa za ta gane shi ta ƙeya. Launi ne ba nawa ba. Matata ce ta gano, sati biyu da aurenmu, ranar da na zana mata tumatir don in burge ta. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta gama, ta share ido, ta tashi ta ɗauko gwangwanayen madara. Daga ranar ita ke haɗa min fenti. Kowane gwangwani ta ɗaura masa igiya a wuya: ƙulli ɗaya ganye, ƙulli biyu fatar mutum a rana, uku fatar mutum a inuwa, haka har sama. Ni sai in shafa igiya, in tsoma buroshi. In na kauce, sai in ji “Hm” a bayana. Shekara talatin da ɗaya ina cin abinci da wannan “Hm”.

Tufafi ma ita ke fitar min. Tun da ta rasu fararen kaya kawai nake sawa. Mutanen unguwa suna cewa, “Allah sarki, har yanzu bai warware ba.” Gaskiya ne ban warware ba, amma ba shi ya sa ba. Tsoro nake in fita kamar aku.

Unguwarmu tana yin bikin fasaha duk shekara. Masu saƙa su kawo nasu, masu sassaƙa su kawo nasu, masu waƙa su zo, waɗanda ke zaton su masu waƙa ne su riga kowa zuwa. Babban abin kallo shi ne bangon ɗakin taro. Duk shekara a shafe shi da farin fenti, a rufe da tamfol, in shiga baya in yi sabon zane, ranar ƙarshe a yaye a gaban kowa. Sau goma na yi. Bara ban yi ba. Bana na amsa, saboda kafin ta kwanta ciwo ta bar min gwangwani arba'in da biyu a haɗe, kowanne an toshe bakinsa da leda, igiyarsa a wuya. Sun isa bango ɗaya. Na ce in yi na ƙarshe, in ajiye buroshi da mutuncina, kowa ya tafi kabari da abin da ya sani.

Sai Yaya.

Yaya shekararta saba'in, kuma har yau kallon wanda ta goya take min. Tun da aka yi wata shida da rasuwar matata ta buɗe ofishin neman min mata, ita ce shugaba, 'yata Auta ce sakatariya. Auta ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, aikinta a ofishin shi ne turo saƙo.

Na dawo daga ganin likitan gwiwa na tarar da ƙofar ɗakin fenti a buɗe, ƙamshin sabulu har bakin titi. Na shiga. Ƙasa tana sheƙi. Gwangwanaye suna sheƙi. Wuyan kowanne fes.

“Yaya, ina igiyoyin?”

“Waɗanne? Wannan ƙazantar? Na ƙona.”

“Kin ƙona.”

“Sun yi baƙi ƙirin, har gizo-gizo ya tare a ciki da iyalinsa. Ka ga yadda na jera maka? Manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar a kanti. Ko na gode ba za ka ce ba?”

Na zauna a kan kujerar da ba ta nan. Ta matsar da ita ita ma.

“Tashi, kar ka ɓata min ƙasa,” in ji ta. “Malama za ta zo gobe. Ba zan bari ta ga ƙanena yana zaune kamar akuya ba.”

“Maganar bango za ta zo yi.”

“Eh. Ta fara da bangon.”

Malama tsohuwar shugabar makaranta ce, ita ce kuma shugabar kwamitin biki. Mijinta ya rasu shekara shida. Irin matan nan ne da in suka kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna aikin gidan da ba ka yi ba shekara hamsin da suka wuce.

Washegari tun da safe waya ta fara.

Auta: Baba ina kwana. Gwaggo ta ce yau ne.

Auta: Don Allah kar ka yi mata maganar littattafai.

Auta: Ka yaba kayanta. Mata suna so.

Auta: Baba na ga ka karanta.

Ƙarfe goma daidai Malama ta iso. A nan ne masu rubuta irin wannan labari sukan ba ku launin mayafi, da na jaka, da na takalmi, da yadda suka dace da juna. Ni abin da zan iya ce muku shi ne ta sa mayafi. An goge shi sosai. Jakarta babba ce, mai zif biyu, takalminta marar tsini, na macen da ta san inda za ta. Yaya ta ajiye mana shayi da biskit a faranti mai bakin zinariya wanda ni kaina ban san muna da shi ba, ta fita, ta tsaya a bayan labule. Ƙafafunta suna leƙowa ta ƙasa.

Malama ta buɗe takarda. “Kwamiti yana son layin kasuwa bana. Mahauci, tela, mai burodi, duk waɗanda aka sani. Sun kuma nace a sa fuskata a tsakiya, wai ni na kafa bikin. Na ƙi, suka kaɗa ƙuri'a.”

“Za a yi.”

“Kada ka rage min shekaru. Na sha wahala kafin in tara su.”

Na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda ba tari ba. Waya ta yi ƙara a aljihu. Na san ko wace ce. Na dubi mayafin, na yi lissafi, na rufe ido na jefa.

“Wannan koren ya karɓe ki, Malama.”

Ta dubi mayafinta. Ta dube ni ta saman tabarau. Ƙafafun bayan labule suka daina motsi.

“Na gode,” ta ce a hankali, kamar mai ajiye magana a aljihun tebur.

Tana fita Yaya ta faɗo. “Jan mayafi kamar wuta kake ce wa kore? Zolayarta kake?”

“Salon magana ne na masu zane, Yaya. Ba za ki gane ba.”

“Salon da zai sa ka mutu kai kaɗai.”

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa. Me ya hana ka faɗin gaskiya? Ku da ba a taɓa kiran ku sarkin komai ba. Wasu za su ce in sayo sabon fenti mai rubutu a jiki. Na yi tunaninsa. Kanti yana sayar da ja, yana sayar da kore. Ba ya sayar da kuncin mahauci da ƙarfe huɗu na yamma. Wannan sai an haɗa, kuma mai haɗawar ba ta bar min takarda ba, don ba ta taɓa zaton akwai mai ƙona igiya ba.

Na gwada dabaru. Na shinshina gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya har kaina ya fara juyawa. Duk warin fenti suke. Na kira Yaya, na buɗe ɗaya, na ce cikin fara'a, “Yaya, a ganinki wannan wane irin launi ne?”

“Kai Sarkin Launi kake tambayata? Jarrabawa ce? Na wuce makaranta.”

Na ɗauki hoton gwangwani shida na tura wa Auta: Faɗa min abin da kike gani.

Auta: Masha Allah Baba ka dawo aiki!!!

Ta biyo da zuciya bakwai. Wane launi ne zukatan, ban sani ba.

Da dabara ta ƙare sai na koma ga hankali, irin wanda littattafai suka koya min. Na ce, mai zanen mutane, me ya fi buƙata? Fatar mutum. Saboda haka manyan gwangwanayen nan na ƙasa, fata ce. Matsakaita, bishiya da ganye. Ƙanana, kayan ado. Na yi wannan lissafi a tsaye, hannu a baya, har na ɗan ji tausayin mutanen da ba su yi karatu ba.

Kwana biyar ina bayan tamfol, a kan tsani, ni da gwiwata muna gardama. Zan faɗa muku abin da ban zata ba: na ji daɗi. Hannu ya tuna hanya. Na zana mahauci da cinyar saniya a rataye, tela da allura a baki, mai burodi yana hamma kamar yadda ya saba. Malama na bar wa kwana guda cur. Na sa mata shekarunta duka, ban rage ko ɗaya ba, na sa kallon nan na saman tabarau. Sau biyu na tsaya da buroshi a sama ina jiran a ce “Hm”. Ba a ce ba. Na ɗauka alama ce mai kyau.

Ranar Asabar da la'asar aka cika. Kujerun roba, rumfa, lasifika mai tari. Masu waƙa sun yi, waɗanda ke zaton su masu waƙa ne sun yi sau biyu. Yaya ta ci ado, ɗaurin kanta ya kai a ba shi kujera tasa, ta ɗaga waya sama don Auta ta gani daga can. Kwamiti har baƙo ya gayyato, wani malamin jami'a mai gemu siriri, ya naɗe wuya da gyale a cikin wannan zafi.

Malama ta ja igiyar tamfol. Ya faɗi.

Jama'a, ni abin da na gani kyakkyawan bango ne. Har yau in na wuce, kyakkyawan bango nake gani. Sai dai na iya karanta fuska, sana'ata ce. Mutum ɗari uku suka saki baki. Wata tsohuwa a gaba ta fara salati a hankali.

Mahauci ne ya fara tashi. Ya matso, ya karkata kai.

“Malam, wannan ni ne?”

“Kai ne.”

“Wannan da na rataye fa?”

“Cinya ce.”

“Shekara ashirin ina sayar da nama a layin nan,” muryarsa ta fara hawa, “ban taɓa rataye koren nama ba! So kake hukuma ta rufe ni?”

“Kai naman kake ji?” in ji tela daga baya. “Dubi fuskarka! Dubi tawa! Duk mun zama alayyafo!”

“Bishiyoyin kuma wa ya yanka su?” in ji tsohuwar. “Jini ne wannan?”

A nan na gane. Manyan gwangwanayen ganye ne. Ashe bangon bishiyoyi marigayiya ta shirya mana. Na ɗaga kai na dubi tsakiyar bango, inda fuskar Malama take, tsayinta ya kai ƙofa. Ban buƙaci a gaya min ba. Yaya ta sauke waya a hankali ta kife ta a cinya, kamar mai rufe wa yaro ido.

Ina neman inda ƙasa ta fi taushi in nutse, sai malamin jami'a ya miƙe. Ya cire tabarau. Ya mayar. Ya ɗora hannu a ƙirji.

“Jama'a,” ya ce, “ku ba ku san abin da ke gabanku ba. Mutum ya zama ganye. Ganye ya zama nama. Wannan dattijo yana tambayarmu ne, wa ke cin wa? Shekara goma sha biyar ina koyar da fasaha, ban ga ƙarfin hali irin wannan ba!”

Ya fara tafi shi kaɗai. Kun san mutanenmu, ba sa son a ce baƙo ya gane abin da ba su gane ba. Mai burodi ya bi. Tela ya duba hagu da dama, ya bi. Kafin minti ɗaya rumfa ta ɗauka.

“Wato yabo ne?” in ji mahauci.

“Babba ma,” in ji malamin.

“To ai da an ƙara wa cinyar girma.”

Yaya ta ɗaga waya ta koma sama. “Ƙanena ne! Ni na goya shi!”

Kun ga, an buɗe min ƙofa. Abin da ya rage kawai in gyaɗa kai kamar mai zurfin tunani, in koma gida Sarkin Launi, har da ƙarin girma. Na yi niyyar haka, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai Malama ta miƙo min abin magana. Ba ta tafa ba. Ba ta kuma ɓata rai ba. Kallona kawai take ta saman tabarau, ga kuma babbarta a bango tana yi min irin kallon, su biyu.

Na karɓa. Na ce, “Jama'a, ni ba na ganin ja da kore. Ban taɓa gani ba. Duk launin da kuka yaba a bangon nan shekara goma, matata ce ta haɗa. Wannan kuskure ne.”

Shekara talatin da ɗaya ina tsoron wannan magana. Na zata in ta fito rumfa za ta faɗo.

“Kun ji ko!” in ji malamin jami'a, har da tsalle. “Ya ƙi yarda da ja da kore! Ya kira fasaha kuskure!”

Tafi ya fi na farko. Yaya ta fashe da kuka. “Allah sarki, son matarsa! Komai sai ya ce ita ce!” Mai burodi ya rungume ni, ya bar min gari a farar riga. Na faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwata, a lasifika, aka ɗauke ta tawali'u. Waya ta motsa a aljihuna.

Auta: Baba. Da gaske ne?

Auta: Shi ya sa kullum Mama ke cewa kar a taɓa mata gwangwanaye?

Kafin in amsa an riga an ja ni gindin bango. A bikinmu mai zane yakan sa hannu a kusurwar ƙasa a gaban kowa, shi ne rufe taro. Malama ce ta riƙo ɗan gwangwanin baƙin fenti. Na durƙusa, gwiwa ta yi sanarwarta. Malama ta sunkuyo kamar mai gyara min riƙo, ta yi ƙasa da murya.

“Shekara talatin ina duba littafin zanen ɗalibai. Duk aji akwai mai yi wa ciyawa ja. Tun ranar mayafi na sani.”

“Me ya sa ba ki hana ni ba?”

“Na so in ga ko za ka tambaya.” Ta ɗan dubi sama. “Ban zata da fuskata za a biya ba.”

“Zan gyara.”

“Za ka gyara. Ranar Talata zan zo da takarda da gam, mu manna wa kowane gwangwani suna. Ni ba na ƙulla igiya, kuma ba na tsayawa a bayan mutum. Maganar da Yayarka ke ta zagaye kuwa, sai na ga fuskata ta dawo tukuna.”

“Malamin jami'a zai ji haushi.”

“Ya zo a zana tasa.” Ta miƙo gwangwanin. “Sa hannu, mutane na jira.”

Na tsoma buroshi. Niyyata in rubuta sunan marigayiya, a yi ta ta ƙare, ko ba su ji da kunne ba su gani da ido. Har na ɗora bakin buroshi a bango, sai na tsaya. Bango goma ta yi, duk sunana ne a ƙasansu, duk kuma an shafe su da farin fenti, suna nan a ƙarƙashin wannan, ɗaya a kan ɗaya. Wannan kaɗai ne ba ta da hannu a ciki. In na sa sunanta a ƙarƙashin koren nama, ba za ta yafe min ba, kuma tana da gaskiya.

Na rubuta nawa. Karo na farko ke nan da na sa hannu a kan aikin da ni na yi shi duka.

Aka yi tafi, aka fara naɗe rumfa. Ni ina durƙushe, gwiwa ta ƙi tashi, ni ma ban matsa mata ba. Sau goma marigayiya ta tsaya a daidai inda Malama take tsaye, da ɗan gwangwanin a hannu, yatsunta duk fenti, tana murmushi ana kiran sunana. Tsakanin hannuna da nata bai kai taku ɗaya ba. Kowace shekara sai in ce a raina, baɗi. Ba wata doguwar magana ba ce, ba ta buƙatar littafi ko lasifika. Juya buroshin kawai zan yi, in miƙa mata ta wajen mariƙi, in ce:

“Ungo. Ke za ki sa.”